Sunan Da Ke Gefen Hoto

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu waɗanda wannan mujalla za ta iske a gida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a bana shi ne wata tambaya da Malam ya yi mana a taron ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, wadda ta ba mu kunya mu duka, ni kuwa ta hana ni sakat har muka tafi dogon hutu.

Ran nan Malam ya shigo da wata tsohuwar jarida, ya ɗaga shafin farko ya ce mu dubi hoton da ke jiki. Muka duba, wasu mata ne a bakin rijiya da tulunansu. Sai ya naɗe jaridar ya ce, "To, wa ya ɗauki hoton?" Ɗaki ya yi tsit. Ashe sunan yana nan a gefen hoton, an buga shi da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe kamar sawun tururuwa, amma babu wadda idonta ya kai wurin. Sa'an nan ya ce, "A faɗa mini sunan mace ɗaya tak mai ɗaukar hoton jarida a Nijeriya." Nan ma shiru, sai can wata daga baya ta ce, "Malam, ai mata ba sa wannan aiki." Malam ya yi murmushi, ya ce mu je mu bincika.

Ni dai mutuniyar Mai'adua ce, kuma da na isa gida sai na kai maganar wurin yayana, wanda ke karatu a jami'a a Katsina, domin shi ke da waya mai intanet. Ya ce, "Zo mu duba a Wikipedia." Kafin in ci gaba, bari in yi wa iyayenmu bayanin wannan abu, tun da ba kowa ya san shi ba. Kun san manyan littattafan nan masu kauri da ke jere a ɗakin karatunmu, waɗanda ƙura ta fi mu ziyarta? Su ake kira insakulofidiya, watau kundin da aka tara bayanin kowane abu a ciki: mutane, garuruwa, cututtuka, dabbobi, yaƙe-yaƙe. To Wikipedia irinsu ce, sai dai ita a intanet take, kyauta ake karanta ta, kuma ba wasu ma'aikata ke rubuta ta don albashi ba. Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa ta a Amurka ran 15 ga Janairun 2001, yanzu kuwa akwai ta cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa. Masu rubuta ta 'yan sa kai ne. In kuna son misali, ku ɗauke ta kamar rumbun gari wanda ake cika shi da aikin gayya: wannan ya kawo dami, wancan ya kawo kwano, wani kuma aikinsa ya tsince tsakuwa. Ta Turanci ta cika muƙaloli miliyan 7 a watan Mayun 2025, alhali a lokacin tamu ta Hausa ba ta kai dubu 100 ba.

A daren nan na gane cewa 'yar ajinmu ba ta faɗi daidai ba. Mata suna wannan aiki, har ma 'yan Arewa. Ga Fati Abubakar, haifaffiyar Maiduguri, wadda ta karanta aikin jinya a Jami'ar Maiduguri, ta ƙaro ilmin kiwon lafiyar jama'a a Landan. Da ta ga ba abin da duniya ke gani game da garinsu sai bom da gawa da hayaƙi, sai a 2015 ta ɗauki kyamara ta fara wani aiki da ta kira Bits of Borno, ma'anarsa gutsattsarin Borno. Ta riƙa ɗaukar 'yan kasuwa, da 'yan makaranta, da masu biki, da tsofaffi, tana sa hotunan a Instagram tare da ɗan labarin kowa, har manyan kafofin labarai irin su BBC da jaridar New York Times suka ba da labarinta. Ga kuma Rahima Gambo, wadda ta yi aiki da 'yan mata irinmu a makarantar Shehu Sanda Kyarimi ta Maiduguri, makarantar da 'yan Boko Haram suka kai wa hari a 2013. Ta ɗauke su cikin kayan makaranta suna wasanninsu, ta kuma sa wa aikin suna da harshenmu, Tatsuniya. Wallahi da na ga hotunan sai na ji kamar 'yan ɗakinmu nake kallo.

Wani zai ce, to mene ne bambanci, hoto ai hoto ne, ko mace ta ɗauka ko namiji. Wanda ya san garinmu ba zai faɗi haka ba. Kowace Lahadi kasuwar Mai'adua na cika ta batse, shanu da raƙuma da tumaki suna shigowa daga Nijar ta Kongolam, in Babbar Salla ta gabato kuwa har 'yan jarida kan zo su ɗauki hoton raguna da dillalai. Duk wannan a fili yake, kowa na iya ɗauka. Amma man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da furar da ake sayarwa a kasuwar, a ina aka yi su? A cikin gida, inda baƙon namiji iyakarsa zaure. Haka ɗakin haihuwa a asibiti, haka wurin kamu, haka zaman makoki na mata. Rabin rayuwar gari yana bayan wannan zaure, kuma mace ce kaɗai za ta yi sallama ta shige da kyamararta, a shimfiɗa mata tabarma, a yarda da ita. Hausawa sun ce gani ya kori ji. In babu mata a wannan sana'a, to rabin gari sai dai a ji labarinsa.

Amma da muka ci gaba da nema, sai murnata ta ragu. Wasu sunayen da muka ci karo da su a jaridu, in muka nema sai mu samu da Turanci kawai. Wasu layi biyu ne aka rubuta aka tafi. Wasu kuwa babu su sam. Yaya ya nuna mini wani abu: in aka ambaci sunan mutum cikin wata muƙala aka yi masa mahaɗi, in yana da shafinsa sunan kan fito da shuɗin rubutu, ka taɓa ya kai ka can. In ba shi da shafi, sai ya fito ja. Jan suna kamar kangon fili ne a tsakiyar unguwa, an san na wane ne, amma ba a gina ba.

Wannan jan rubutu shi ya ba wata ƙungiya sunanta. A 2015 wata Ba'amurkiya, Rosie Stephenson-Goodknight, da wani Baturen Ingila, Roger Bamkin, suka kafa Women in Red, watau Mata Cikin Ja, don a mai da jajayen sunayen mata shuɗɗa. A lokacin, cikin kowane tarihin mutum 100 da ke Wikipedia ta Turanci, kamar 15 ne kacal na mata. Sai a ƙarshen 2024 aka kai 20. Ku duba fa, shekara 9 ana tafka aiki kafin a ƙara wajen 5 cikin 100! A nan Afirka ma an fara wani shiri mai suna Wiki Loves Women a 2016 a ƙasashe 4, har da Nijeriya da Gana. Masu rubuta Wikipedia ta Hausa su ma suna da ƙungiyarsu, sukan shirya tarurrukan koyarwa da gasar rubutu, a irin wannan taro ne ma yayana ya koya.

Na tambaye shi abin da ya jawo wannan giɓi, ko wani ne ya hana a rubuta mata. Ya ce babu wanda ya hana. Abin da ke akwai shi ne ɗan sa kai abin da ya sani kuma yake so shi yake rubutawa, masu rubutun kuwa galibinsu maza ne. Binciken da hukumar Wikimedia ta yi a 2011 ya nuna mata ba su kai 1 cikin 10 na masu gyara ba. Shi ya sa za ka tarar da tarihin ɗan ƙwallon da bai fi shekara biyu yana wasa ba, da yawan ƙwallayen da ya ci, amma ka rasa na matar da ta shekara 20 tana shiga wuraren da mutane ke gudu. Sa'an nan ita sana'ar kanta tana da nata laifi. Mai ɗaukar hoto a bayan kyamara take tsayawa. Jarida za ta buga hotonta sau ɗari, a yi ta magana a kan wanda ke cikin hoton, ba a taɓa rubuta shafi ɗaya a kan ita kanta ba.

Wani lokaci ma sunan kan ɓace ɗungurungum. Akwai wata 'yar asalin Jamus, Gerda Taro, wadda ta ɗauki hotunan yaƙin basasar Sifen, a can kuma tankar yaƙi ta banke ta ta mutu a 1937, tana da shekara 26. Ita da abokin aikinta suka ƙago sunan Robert Capa suna sayar da hotunansu da shi. Daga baya sunan ya zauna a kansa shi kaɗai, ya shahara a duniya, hotunanta da yawa aka riƙa cewa nasa ne. A 2007 wasu akwatuna 3 masu ɗauke da dodon hoto kimanin 4,500, nata da nasa da na wani abokinsu, suka iso New York daga Meziko, suka taimaka wa masana wajen rarrabe aikin kowa. Shekara 70 ke nan bayan mutuwarta. Kusa da mu kuma ga Felicia Abban ta Gana, wadda ta fara koyon sana'ar wurin mahaifinta tana 'yar shekara 14, ta buɗe shagonta a Ankara cikin shekarun 1950, ta yi wa Shugaba Kwame Nkrumah aiki. An baje hotunanta a babban bajen kolin fasaha na birnin Benis a Italiya a 2019, ta rasu a Janairun 2024. Kafin wannan hutu ko sunanta ban taɓa ji ba.

Da jin haka sai zuciyata ta ɗebe ni, na ce ni ma zan shiga gayyar. Yaya ya buɗe mini rajista da wani laƙabi, domin ba tilas ba ne mutum ya sa sunansa na gaskiya ko hotonsa, ya kuma nuna mini shafin gwaji, inda ake koyon rubutu kafin a fitar wa jama'a. Wa zan fara rubutawa? Ai ba sai na yi nisa ba. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda tun kafin a haife ni ita ke ɗaukar hoton mata a wurin biki da suna a unguwarmu da ƙauyukan kewaye. Kyamara mai fim gare ta a da, in fim ya cika ta ba direba ya kai Daura ko Kano a wanko. Har yau tana da adaka guda cike da hotuna a ƙarƙashin gadonta. Na zauna na cika shafi. Na ce ita ce gwana ta gwanaye, zakanya, wadda babu irinta daga Daura har Damagaram.

Yaya ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ke, wannan ai kirari ne. Maroƙiya za ki zama?" Sa'an nan ya zaunar da ni ya karanta mini dokoki. A Wikipedia ba a yabo ba a zagi, abin da mutum ya yi kawai ake faɗa, da shekarar da ya yi, mai karatu ya yanke wa kansa hukunci. Ba a son mutum ya rubuta tarihin kansa ko na ɗan'uwansa, don ba zai iya adalci ba. Babbar dokar kuwa ita ce ta madogara: duk maganar da ka rubuta sai ka nuna inda ka samo ta, jarida ce, ko littafi, ko rahoton gidan rediyo, a jera su a ƙasan muƙala ƙarƙashin kalmar Manazarta. Kuma kafin a buɗe wa mutum shafi, sai an samu amintattun kafofi waɗanda ba nasa ba sun yi rubutu mai tsoka a kansa. Ya ce, "Wace jarida ta taɓa rubuta labarin Gwaggo?" Na yi shiru. Ya ce, "To ba ta da shiga, ko da duk Mai'adua za su rantse sun san ta."

Gaskiya abin ya yi mini ciwo, har na kwana ina ganin dokar ba ta da kirki. Amma da na yi tunani sai na ga in babu ita, kowane mai kuɗi sai ya sa a rubuta shi sarki, kowane mai gaba ya ɓata abokin gabarsa, rumbun ya cika da ƙaiƙayi. Sai dai har yanzu ina ganin dokar ta fi danne irinmu, waɗanda tarihinsu a baki yake, ba a takarda ba. Wikipedia ba ta fara rubuta kowa, bin sawun waɗanda suka riga suka rubuta take yi. Ku dubi Baba ta Karo. Tsohuwa ce kamar kakanninmu a ƙasar Zazzau, ba sarauniya ba ce ba malama ba ce, amma wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a 1949 da 1950 ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga littafin a 1954. Yau ga ta a Wikipedia, ana karanta ta a jami'o'in duniya. Mu mutanen ƙasar Daura ma bai kamata a koya mana wannan ba. Ba don an riƙe girgam ba, da wa zai san sunan Kufuru da Gino da Yakumo, matan da aka ce sun yi sarauta kafin Daurama?

Na haƙura da Gwaggo, na koma kan wata 'yar jarida mai ɗaukar hoto wadda jaridu suka riga suka yi rubutu a kanta. Nan kuma na sake yin wata ɓarnar. Don sauri, sai na kwashi bayanin Turanci na zuba wa na'urar fassara. Ashe kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen ɗaukar hoto ita ce kuma ta harbi da bindiga. Sai ga na'ura ta rubuto mini cewa baiwar Allah ta je sansanin 'yan gudun hijira ta harbi yara! Allah ya sa a shafin gwaji ne. Ina roƙon duk wadda za ta shiga wannan aiki ta kiyayi wannan, domin irin wannan gurguwar Hausa ta fi rashin muƙalar muni. Ki karanta ki fahimta, ki rufe, sa'an nan ki faɗa da Hausar da kakarki za ta gane.

Dare biyu na yi a kan jimla 3. Na nemo rahotanni 2 na kafofi dabam-dabam, na tabbatar sun yi daidai a kan shekara da wuri, na rubuta da kalmomina, na liƙa wa kowace jimla madogararta. Abin da ya shafi aurenta ko iyalinta ban taɓa ba, don dokar rubutu a kan rayayyun mutane tana da tsanani, kuma aikinta muke nema ba sirrinta ba. Na so in ɗauko ɗaya daga cikin hotunanta a intanet in ƙawata shafin, Yaya ya riƙe hannuna. Ya ce hoto dukiyar mai shi ne, da shi take ci, ba a sa shi sai ita da kanta ta ba da izinin kowa ya yi amfani da shi, ta hanyar wata taska da ake kira Wikimedia Commons. Shi ya sa za ku ga muƙalar mai ɗaukar hoto babu hoton da ta ɗauka ko ɗaya, kamar gidan mahauci ana cin tuwo da miya lami. Da na danna wurin wallafawa hannuna rawa yake yi. Bayan kwana biyu na duba tarihin shafin, sai na ga wani wanda ban sani ba, ban kuma san garinsu ba, ya bi bayana ya gyara mini ƙa da ɗa inda na manta lanƙwasa.

Iyayenmu, na san abin da ke ranku game da 'ya mace da waya, kuma ba ku yi laifi ba. Ni ma a gaban Yaya na yi duk abin da na yi, a tsakar gida, Baba yana jin mu daga kan buzunsa. Abin da aikin ke ci shi ne ɗan kuɗin data da na cajin waya, abin da yake koyarwa kuwa shi ne bincike, da rubutun Hausa bisa ƙa'ida, da rashin yarda da magana sai an ga tushenta. Wannan na ƙarshe ko a zaman unguwa yana da amfani.

Kwana uku kafin mu dawo na je wurin Gwaggo na ba ta labari duka, har da kirarin. Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ni wa ya san ni? Neman na cefane nake yi." Amma ta jawo adakar. Muka baje hotuna a tabarma, wasu sun fara cin ruwa, wasu sun manne da juna. Babu ko ɗaya da ke da suna ko shekara a bayansa. Na ɗauko fensir, tana faɗa ina rubutawa: wuri kaza, shekarar da aka yi abu kaza, sa'an nan a ƙasa in sa sunanta. Mun yi 60 kafin magariba, ba mu ci ko rubu'in adakar ba. Na hotunan matan aure ta ce ba za su fita ɗakinta ba sai da yardar masu su, na ce haka ya kamata. Amma akwai wasu na kasuwa da na hawan Sallar Gani a Daura da ta ɗauka daga cikin taron mata, waɗannan ta ce za ta yi shawara.

Na kai wa Malam rahoto ranar da muka dawo, na kuma faɗa masa sunayen mata biyun nan 'yan Arewa a gaban 'yar ajinmu da ta ce mata ba sa wannan aiki. Tun da doka ta hana waya a makaranta, ya yarda mu yi abin da za a iya yi da takarda. Za mu bi tsofaffin jaridun da ke ɗakin karatu ɗaya bayan ɗaya, mu duba gefen kowane hoto, in sunan mace ne mu rubuta shi a littafi tare da sunan jaridar da ranar da ta fito da lambar shafi, don in hutu ya zo mu san inda za mu fara nema. Wadda ke so ta same mu can ranar Asabar bayan an gama duba ɗakunan kwana. Ta zo da fensir da littafinta, mai ciwon ido kuma kada ta manta tabarau.